Minti Bakwai na Rodion

Mosko, 9 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yaya Dusya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki, da fatan gwiwar nan ta sassauta miki duk da sanyin Kargopol. Safar ulun da kika saƙa ta iso, tana ƙafata yanzu haka. Ni ma lafiya lau, in ban da ɓacin ran da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya, in kina tsaye ki zauna. Za su saki "Huɗar Bazara", fim ɗin da ya cinye ƙaninki Rodion. Shekara ashirin yana kulle, yanzu kuwa zamani ya juya, duk abin da aka rufe jiya ana buɗe shi yau, kuma duk wanda ya sa hannu aka rufe ya wayi gari jarumi.

Ran Lahadi ina feraye dankali sai ga darakta Yefim Kolivanov a talabijin. Kin tuna shi, Fima, wanda ya shanye miki kwano uku na miyar kifi yana kiranki 'yar'uwa. Ya tara farin gemu, ya naɗa mayafi a wuya, yana magana ƙasa-ƙasa irin ta waɗanda suka sha wuya. Aka tambaye shi wurin nan da mata takwas suka ɗaura igiya a ƙirji suna jan garma saboda an kwashe dawaki zuwa yaƙi. Ya share ido ya ce, "Uwata ce. Da idona na gan ta cikin igiya." Uwarsa! Matar da ta ƙare yaƙin a Tashkent tana koyar da piyano! Ke kika ja garmar nan, ke da Mama da mata shida, Rodion yana ɗan shekara goma sha biyu yana riƙe da ita ta baya yana kuka. Sai da na yanke yatsa da wuƙar ban sani ba.

Ban taɓa rubuta miki yadda abin ya faru ba, domin a lokacin ba mai wasiƙa kaɗai ke karanta wasiƙarsa ba. Wurin garmar ba ya cikin labarin da aka amince a ɗauka. Fima ya tafi bikin finafinai a ƙasar waje kwana goma sha biyu, ya bar Rodion da kyamara da 'yan wasa a ƙauye. Rodion ya tara matan, ya ba su labarin Mama, suka ɗauka. Da Fima ya dawo ya kalla, ya fashe da kuka, ya sumbaci Rodion sau uku a gabana. Sai kwamitin tace finafinai ya gani ya ce matan ƙasarmu ba shanu ba ne. Kafin a kwana biyu Fima ya rubuta takarda da hannunsa cewa mai kyamara Rodion Poromov ne ya ɗauki wurin a bayan idonsa, ba da saninsa ba, ba da izininsa ba. Fim dai an kulle shi, amma Fima ya samu wani a shekarar da ta biyo baya, ga shi yau yana da tara. Rodion aka kora, aka kankare sunansa. Sauran kin sani: shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar hoton fasfo a shagon bakin tasha, har zuciyarsa ta tsaya.

Ga abin da ko ke ban gaya wa ba. Ni ce mai yanka da haɗa fim ɗin, don haka ni suka umarta in yanke wurin da almakashina in miƙa a ƙona. Na yanke. Amma abin da na miƙa tarkacen wani fim ne mai nauyi ɗaya. Minti bakwai na Rodion suna cikin gwangwani a saman kabad ɗina, a bayan kwalaben kokwamba.

Fima ya cika wa duniya baki da wurin da ba ya hannunsa. Zai zo, Yaya. Ina jiransa.

Ki gaida kowa da kowa.
Matar ƙaninki,
Taisiya

Mosko, 3 ga Maris, 1988

Yaya Dusya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali, na samu wasiƙarki. Kin ce in tofa masa yawu a gemu a madadinki. Na ajiye saƙon, zan isar in lokaci ya yi.

Ya zo. Hawa biyar ya taka da ƙafa, ya iso yana haki, da kek a hannu ɗaya da furanni a ɗayan. Na ƙirga su, biyar ne. Na ce masa da ya kawo huɗu, tunda huɗu ta matattu ce, da na kai wa Rodion. Ya yi dariyar yaƙe. Ya cire takalmi yana duban inda silifas na baƙi suke, ni kuwa na yi kamar ban gani ba, na bar shi da safa a kan simintin kicin.

Ya ce, "Tayechka, na san ki. Ko zaren da ya zube daga riga ba kya yarwa. Yana wurinki, ko ba haka ba?" Na ce yaya jikin mahaifiyarka, ƙirjin ya warke daga igiyar? Yaya, ko gezau. Ya ce, "Haba Taya, talabijin ce, sai da ɗan gishiri. Uwar Rodya ai uwarmu ce duka." Ya dinga zuba: wai kowa ya sa hannu a zamanin, wai yana da 'ya'ya biyu a lokacin, wai shi ma ya sha wuya. Wuyar da ya sha dai ta tsaya masa a tumbi.

Sharaɗi ɗaya na kafa. A mayar da sunan Rodion Poromov a jerin sunaye, shi kaɗai a allonsa, a matsayin mai ɗaukar hoto. Ya dafa ƙirji ya rantse da ran jikarsa. Na ce kuma gwangwanin ba zai bar hannuna ba, ni zan koma ma'aikata in haɗa da kaina. Ya yarda. Kek ɗin na ba maƙwabciya.

Jiya na ɗora fim ɗin a teburin aiki, karo na farko tun ranar da na yanke shi. Na ji tsoron ya lalace, amma yana nan garau. Ga ƙasa baƙa, ga ragowar ƙanƙara a bakin gona, ga matan sun sunkuya suna ja, ba kiɗa, ba magana, sai numfashi. Ta uku daga hagu ke ce, Yaya. Rodion ya zaɓi yarinya doguwa mai taurin kai, har yadda kike cije gefen ɗankwali ya koya mata.

Akwai kuma abin da na manta. A ƙarshen kowace ɗauka akan samu ɗan ragowa bayan an ce a tsaya, mu muna kiransa wutsiya, yankewa muke yi mu zubar. A wutsiyar ƙarshe, Klavdiya wadda ta fito a matsayin Mama ta faɗi da gaske, ta kasa tashi. Rodion ya saki kyamara tana juyawa, ya shigo da gudu ya ɗaga ta, ya kwance mata igiya, ya juyo yana kiran a kawo ruwa. Daƙiƙa tara. Duk duniya babu wani hotonsa mai motsi sai wannan, mutumin da ya ƙare ransa yana ɗaukar wasu. Na dinga mayar da shi baya ina kallo har mai gadi ya zo rufe ƙofa. Na yi kewarsa fiye da ranar da muka binne shi.

An sa ranar nunin farko, ashirin ga Afrilu. Ki ci gaba da shafa man nan a gwiwa.

Taki har kullum,
Taya

Mosko, 6 ga Afrilu, 1988

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ki yafe min munin rubutu.

Ya ci amana karo na biyu. Na shiga ɗakin tsoho Fadey, mai ɗaukar hoton rubutun sunaye, sai na ga jerin a kan teburinsa. Babu Rodion. Sunan mataimakinsa na wancan lokaci aka sa, wanda yanzu babban mutum ne a ƙungiyar 'yan fim, kuma shi zai sa hannu a kai fim ɗin ƙasar waje. Na tare Fima a matakala. Ya ce, "Tayechka, ofis takarda yake bi, takarda kuma ta ce an sallami Rodya kafin a gama. Ki bari a wuce wannan bikin, a bugu na gaba za mu gyara." Na ce to. To kawai na ce, Yaya, har ya shafa kafaɗata ya ce ya san ni mai hankali ce.

Tunda takarda suke bi, na tafi neman takardar da Fima ya rubuta a kan Rodion shekara ashirin da suka wuce. Matar da ke tsaron fayil ta ara min ita na awa ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba. Ga ta nan da shuɗin tawada, da rubutunsa mai kwanciya, da sa hannunsa mai jela. Ina karantawa sai na ji dariya ta kama ni, har matar ta tsorata. Ki duba fa: "a bayan idona, ba da sanina ba." Takardar da ta kashe Rodion ita ce kaɗai shaidar da ta rage cewa aikin nasa ne shi ɗaya, kuma Fima ne ya rubuta mana ita.

Shekara talatin aikina ɗaya ne: in ɗora wannan hoto kusa da wancan, in ja bakina, mai kallo ya yanke hukunci da kansa. Ba zan ƙara wa Fima kalma ko ɗaya ba. Fadey ya ɗauki hoton takardar, ya kuma rubuta allon sunan Rodion. Rodion ne ya koya masa aiki, ya ce shekara ashirin yana jiran wani ya roƙe shi wannan. Fima zai duba fim ɗin ran sha tara ya ga komai yadda yake so. Ran ashirin ni ke miƙa gwangwanaye ga mai majigi, shi kuwa mai majigi abin da ke cikin gwangwani yake haskawa. Gwangwani na ƙarshe ba zai zama na jiya ba.

Bari in faɗa miki gaskiya, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa. Da farko suna kaɗai nake so. Yanzu ina so in ga mutum dubu sun juyo sun dube shi, in ga ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ina so ya ji abin da Mama ta ji ranar da jarida ta iso Kargopol cewa ɗanta ya ci mutuncin matan ƙasa, maƙwabta suka daina gaishe ta a bakin rijiya. Ta mutu ba ta san ita ya girmama ba. In zunubi ne, na ɗauka.

Ki kunna min kyandir a coci.
Taya

Mosko, 22 ga Afrilu, 1988

Yaya Dusya,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ni ba ni da ita.

Komai ya tafi yadda na tsara. Zaure ya cika, har a matakala mutane suka zauna. Kafin a fara Fima ya hau dandamali, ya sake kawo uwarsa da igiyarta, ya ce wurin garmar da jinin zuciyarsa ya ɗauka. Aka tafa. Aka kashe fitila. Da wurin ya zo, na ji manyan maza suna jan hanci.

Fim ya ƙare, kowa yana jiran jerin sunaye, sai ga takardar ta cika allo. Daƙiƙa arba'in na ba ta, yadda ko mai karatu da yatsa zai kai ga sa hannun. Sannan Rodion ya shigo da gudu ya ɗaga Klavdiya. Sannan sunansa, fari a kan baƙi. Aka kunna fitila. Duk suka juyo suka dubi Fima, kamar yadda na roƙa. Na ga wuyansa ya yi ja, na ga hannunsa yana laluben kujera. Yaya, na ji daɗi. Daɗin da ban ji irinsa ba tun ina amarya.

Bai kai minti ɗaya ba. Ya miƙe, ya taka a hankali ya hau dandamali, ya durƙusa da gwiwa biyu, dattijo da farin gemu. Ya ce, "Ni na roƙi Taisiya Matveyevna ta sa wannan. Shekara ashirin ina ɗauke da shi. Rodya, ka yafe mini." Ya kifa goshi a katako.

Zauren ya tashi tsaye. Tafi, kuka, furanni. Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna ta ce, "Kin ga namiji! Wa zai iya wannan?" Aka nuno ni da yatsa aka ce in tashi, aka tafa min a matsayin mai taimaka masa. Na manta da wa nake yi. Darakta ne, ya san inda haske yake faɗowa, nan take ya je ya tsaya a ciki. Ya sace aikin Rodion, ya sace Mama, yanzu ya sace har ramuwata.

Na dawo gida a bas, na kwanta da kot ɗina. Kada ki rubuto min maganar haƙuri.

Taya

Mosko, 11 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Yayata Dusya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin haƙe dankalinki kafin ruwa, da fatan jikoki sun koma makaranta lafiya. Ki gafarta min shirun wata huɗu. Zumar ta iso, na gode. Yau da murmushi nake rubutu, kuma ba murmushin kirki ba ne.

Ashe ban ƙirga daidai ba, shi ma bai ƙirga ba. Jaridu suka ɗauka cewa ba a taɓa rufe fim da gaskiya irin wannan ba. Hukuma ta ce a buga shi yadda aka nuna a daren farko, kada a taɓa ko ƙwayar hoto ɗaya. Kwafi ɗari takwas, Yaya, daga nan har bakin tekun gabas, nuni huɗu a yini. A kowane nuni rubutun Fima yana tsayawa daƙiƙa arba'in, tsayinsa ya kai gida mai bene. Babban mutumin nan na ƙungiya da kansa ya nemi a cire sunansa.

Tafi kuma ba ya daɗewa. Da farko ana gayyatarsa ya yi magana a kan ƙarfin hali. Yanzu duk inda ya je, sai wani ya ɗaga hannu ya ce: in ba ka wurin, yaya aka yi ka ga uwarka cikin igiya? Wace ce matar, in ba taka ba? Me ya faru da Poromov bayan nan? Ɗalibai sun daina tambayarsa finafinansa tara, sai minti bakwai da ba nasa ba. Klavdiya, da sandarta, ta shiga rediyo ta ba da labarin kwana goma sha biyun nan tiryan-tiryan.

Ran Alhamis ya sake hawo benena, ba kek, ba fure. Ya rame, gemun ya yi masa yawa. Ya fara da cewa talabijin na son fim ɗin amma ya yi tsawo, ko za a ɗan rage ƙarshen. Na ce nawa za a rage? Ya ce kamar minti ɗaya. Na ce wane mintin? Sai ya daina wasan. Ya ce, "Taya, jikata ta je da 'yan ajinsu. Ta gane rubutuna tun kafin ta kai ga suna, da shi nake rubuta mata katin sabuwar shekara. Ba ta zuwa gidana. Ki cire, don Allah. Ke ce kaɗai za ki ce fim ɗin ya lalace a wurin su yarda."

Na ce, "Fima, ai kai ka roƙe ni in sa, a gaban mutum dubu, a kan gwiwoyinka. Koma ka gaya musu ƙarya ka yi, ni kuma in ɗauko almakashi."

Ya roƙi ruwa, na ba shi. Na ji tausayin yarinyar, ba ta yi wa kowa komai ba, kuma wannan zai zauna min a rai. Shi kuwa na laluba ko'ina a zuciyata ban samu ba. Ban yafe ba, ba na kuma shirin yafewa. Ya sauka yana riƙe da ƙarfen matakala da hannu biyu.

Yanzu ga aikinki. Na bincika, fim ɗin zai iso Kargopol ran biyu ga Oktoba. Kin san halin mai majiginku, da ya ga labari ya ƙare sai ya kunna fitila ya kashe na'ura don ya tafi gida. Ki je ki same shi tun da rana, ki gaya masa in ya taɓa makunnin nan kafin ƙarshe, da ke zai yi. Kin ce ku uku kuka rage cikin takwas ɗin da suka ja garmar. Ki ɗauko su ko a amalanke ne. Waɗanda suka daina gaida Mama a bakin rijiya, duk wadda ke da sauran numfashi ki bi ta gida ki gayyace ta da fara'a, ki zaunar da ita a layin gaba.

Za ki ga ƙaninki daƙiƙa tara, kada ki tsaya share hawaye su wuce ki. Sunansa zai biyo baya. Na Mama ne ban samu inda zan rubuta ba, domin jerin sunaye ba shi da gurbin wadda ta ja garmar gaske. Idan fitila ta kama, kafin kowa ya motsa, ki tashi tsaye ki faɗe shi da ƙarfi, cikakke, har da sunan mahaifinta. Sannan ki rubuto min wa da wa suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake kowa.

Ki gaida yara, ki gaida matan nan biyu, ki ce matar Rodion tana sumbatar hannuwansu.

Ni ce taki,
Taisiya Poromova